Sanin Lokacin Zuwan Mota: Me Yake Sauyawa Ga Fasinja?

Duk wanda ya taɓa tsayuwa bakin titi a Nima ko Madina da sassafe yana jiran trotro, ya san abin da ya fi zafin rana ciwo shi ne rashin sanin yaushe motar za ta iso. Shin mu ƙara haƙuri, ko mu tari tasi mu biya kuɗin da muka ware na cefane?

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Tun a 1992 birnin Landan ya fara kafa alluna masu wuta a wuraren jiran bas, masu nuna minti nawa ya rage motar ta iso. Na'ura ce a jikin bas take aika labarin inda take, kwamfuta kuma ta ƙiyasta lokacin isowa. Yanzu haka labarin yana zuwa har cikin wayar hannu.

Wani bincike da aka buga a 2011 kan fasinjojin birnin Siyatul na Amurka ya nuna cewa marasa wannan labari suna ganin jiran ya fi yadda yake tsawo, masu duba waya kuwa jiransu ya ragu da kusan minti 2, domin ba sa fitowa sai motar ta kusa. A New York ma, binciken 2015 ya gano masu shiga bas sun ƙaru da kimanin kashi 1.7 cikin 100 bayan an fara ba da labarin.

To, mu fa a nan Ankara? Trotro a tasha ba ta bin agogo, sai ta cika take tashi. Saboda haka labarin da ya fi mana amfani iri biyu ne: kujera nawa ta rage, kuma wace hanya ce ta cushe. A 2015 an bi layukan trotro da wayoyi aka zana taswirarsu a aikin AccraMobile, amma taswira hanya take nunawa, ba lokaci ba. Google Maps kuwa yana sa jan layi a titin da motoci suka cunkushe, kuma da shi ɗan kasuwar da zai je Kaneshie zai iya yanke shawarar ya bi ta Circle ko ya jinkirta fita.

Sai dai iyayenmu mata masu sammakon kasuwa, da dattawan da ba su karanta Turanci, ba su cika amfana ba. Shawararmu ga matasan Zango ita ce a riƙa duba wa tsofaffi hanya kafin su fita, a kuma tura labarin cunkoso da murya cikin Hausa ta WhatsApp, tare da faɗin lokacin da aka gani, don labarin da ya yi awa guda kan ɓatar da matafiyi. Allah ya kai kowa gida lafiya.