Leda da Buhu a Kasuwar Muda Lawal: Waiwaye kan Aikin Karl Ziegler

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Kasuwar Muda Lawal ta birnin Bauci zai tarar cewa tumatir da attaruhu a leda ake ƙulla su, hatsi a farin buhu yake zuwa, man gyaɗa kuwa a jarka. A da, kwando da ƙwarya da buhun algarara ne ke wannan aiki. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ilmin da ya haifar da waɗannan kayayyaki, ta hanyar bin sawun masanin da ya buɗe ƙofarsa, tare da duba matsalar da suka jawo da kuma inda bincike ya dosa.

2.0 Ma'anar Sinadarin Zaburarwa

Sinadarin zaburarwa shi ne wanda ke gaggauta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Ana iya kwatanta shi da dillali, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa, in ciniki ya faɗa ya koma ga wani cinikin. Bambancinsu kawai, shi wannan ba ya karɓar la'ada. Don haka ɗan kaɗan daga cikinsa kan isa a sarrafa kaya masu ɗimbin yawa.

Daga cikin irin waɗannan sinadarai akwai rukunin da ƙwayar ƙarfe ke ɗaure kai tsaye da ƙwayar kabon. Ko a jikin ɗan Adam akwai misalinsa, wato bitamin B12 da ake samu a hanta, wanda ke ɗauke da ƙarfen kobal a tsakiyarsa.

3.0 Karl Ziegler da Bincikensa

An haifi Karl Ziegler a shekarar 1898 kusa da garin Kassel na ƙasar Jamus. Ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Marburg a 1920, ya koyar a Heidelberg da Halle, sannan a 1943 aka naɗa shi shugaban cibiyar binciken kwal da ke Mülheim, inda ya zauna har 1969. Ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙarafa irin su litiyam da alminiyam ke ɗaurewa da kabon, a lokacin da mutane ƙalilan ne ke ganin amfanin hakan.

Robar da ake kira folitin sarƙa ce mai tsawo ta ƙwayoyin iskar etilin, wadda ake samu daga man fetur ko gas. Tun 1933 aka gano ta a kamfanin ICI na Ingila, amma sai da zafi mai tsanani da matsi wanda ya haura na iskar duniya sau 1,000 take samuwa. A shekarar 1953, wani gwaji da aka saba yi a cibiyar Ziegler ya ƙi ba da sakamakon da aka saba gani: maimakon doguwar sarƙa, sai ƙwayoyin suka riƙa tsayawa bibbiyu. Da aka bi diddigi, sai aka gano ɗan ɓurɓushin ƙarfen nikel ne da ya saura a tukunyar gwajin. Ziegler ya yi tunanin cewa in har wani ƙarfe na iya katse sarƙar, to, wani zai iya tsawaita ta. Sai ya sa aka gwada ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, har aka dace da taitaniyam haɗe da alminiyam, wanda ya samar da folitin mai ƙwari ba tare da wancan zafi da matsi ba.

A 1954 Giulio Natta na birnin Milan a Italiya ya yi amfani da wannan dabara ya samar da folifirofilin, wato robar da ake saƙa buhun hatsi da na takin zamani da ita. Su biyun aka bai wa kyautar Nobel a 1963. Ziegler ya rasu a 1973. A Nijeriya, masana'antar Eleme da ke Jihar Ribas, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, tana sarrafa waɗannan robobi guda biyu.

4.0 Matsala da Neman Mafita

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Ƙwarin da ya sa leda ta yi farin jini shi ne ya hana ta ruɓewa. Da damina tana toshe magudanan ruwa, mahauta kuma sukan tarar da ita cunkushe a tumbin awaki da shanu. 'Yan bola jari sukan tsinci jarka da bokiti domin ana sayensu a narke, amma siririyar leda ba ta da nauyin da zai biya wahalar tsintarta. Wannan ne ya sa Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya ma ta bi sahu a 2017.

Binciken masana a wannan fanni ya kasu ta fuska biyu. Ta farko ita ce maye gurbin ƙarafa masu tsada da ƙaranci, irin su filatinam da faladiyam, da baƙin ƙarfe ko kobal, kamar yadda Paul Chirik ke yi a Jami'ar Princeton ta Amurka. Ta biyu ita ce warware sarƙar da Ziegler ya ƙulla. A 2024 ayarin John Hartwig na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa sodiyam da tangistin na iya mayar da tsohuwar leda iskar da za a sake yin sabuwar roba da ita. A ɗakin gwaji aka sami wannan nasara, kai ta masana'anta kuwa wani aiki ne daban.

5.0 Kammalawa

An ga yadda nazarin da aka fara don neman sani kawai ya sauya yadda ake awo da ɗauri a kasuwanninmu. Abin da ya rage ga sassan kimiyya na jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauci, shi ne su sa hannu a binciken warware robar. Ranar da tsohuwar leda ta yi kuɗi, masu tsintarta ba za su bar ta a kwata ba.