Ledar da Ke Ba da Wutar Lantarki

Kowa ya san roba ba ta ɗaukar wuta, shi ya sa ake naɗe waya da ita. Amma a 1977 masana uku, Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger, suka nuna cewa akwai wata roba da lantarki ke bi ta cikinta in an sa mata aidin. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2000, kuma daga nan tunanin yin farantin sola da roba ya samo tushe.

Irin wannan roba ana kiranta polima, wato doguwar sarƙar ƙwayoyin kabon. Ana narkar da ita ta zama tawada, a shafa a jikin leda, kaurin shafin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Silikon kuwa, wanda ake yin farantan da ke kan rufin gidajenmu da shi, sai zafi ya haura digiri 1,400 yake narkewa.

Wahalar tana wajen haɗi. Sinadarai biyu ake cakuɗawa, ɗaya mai ba da lantarki idan haske ya buge shi, ɗaya mai karɓa. Dole su gauraya kamar fura da nono a hannun gwanar damu: in gudaji suka yi yawa, ƙarfin hasken zai mutu kafin ya isa wurin mai karɓa, in kuma damun ya wuce kima, lantarkin ba zai sami hanyar fita ba. Shekara da shekaru haɗin da aka fi sani, mai polimar P3HT, bai cika wuce kashi 5 cikin ɗari na hasken da yake mayarwa wuta ba.

A 2019 al'amarin ya canja, lokacin da ayarin Zou Yingping a birnin Changsha na ƙasar Sin ya fito da sinadarin Y6. Da aka haɗa shi da polimar PM6, sai aka sami kashi 15.7. Yau ana maganar kashi 20 a ɗakunan gwaji.

Sai dai a ganina, tseren waɗannan alƙaluma ya ɗauke hankali fiye da kima. A kan ɗan gutsuren da bai kai farce ba ake samun yawancinsu. Iska da laima da zafin rana suna lalata polima, alhali farantin silikon yakan zo da garantin shekara 25. Ga tsada, domin PM6 sai an bi matakai da dama kafin a haɗa ta, abin da ya sa ayarin Li Yongfang ya ƙirƙiro PTQ10 mai sauƙin haɗawa. Kamfanin Konarka na Amurka ya yi gaggawar shiga kasuwa da farantan polima, ya durƙushe a 2012.

Mai sayen sola a Sakkwato ko Agadas, shekara nawa abin zai yi a rana zai fara tambaya, kuma a nan ne har yanzu silikon ya yi wa polima nisa.