Adireshi ya ɓace, takardu sun salwanta

Kowace takarda a kwamfuta tana da adireshinta: jerin sunayen jakunkuna da wata alama, kamar /, ke rabawa. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Amurka a 1969, yana da ƴan ƙananan umurnai, irin su dirname da basename, masu ware sunan jaka daga na takarda.

Aikin ƙarami ne, amma ganganci cikinsa na da tsada. A Janairun 2015, umurnin gogewa na manhajar wasanni Steam, a kan Linux, ya tarar da gurbin adireshi wayam. Sai ya kama daga tushe, ya share takardun mai na'ura, har da na faifan ajiya. Shi ya sa ƙwararru ke sa umurni ya tabbatar da adireshi tukuna, kafin ya taɓa kome.