Toyota a Bakin Bahaushe: Tarihin Kamfanin da Matsayin Sunayen Motocinsa a Yankin Kontagora

1.0 Gabatarwa

Duk baƙon abin da ya shigo cikin wata al'umma yakan zo ne tare da sunansa, sa'an nan jama'a su karɓi sunan su sarrafa shi daidai da tsarin harshensu da kuma irin shaidar da suka yi wa abin. Mota na daga cikin baƙin abubuwan da suka fi yi wa Hausa tasiri a ƙarni na ashirin, domin kuwa ta haifar da sababbin sana'o'i da kalmomi masu yawa, kamar direba da kwandasta da ɗan kamasho da bakanike. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo taƙaitaccen tarihin kamfanin Toyota na ƙasar Japan, ta bayyana yadda motocinsa suka sami karɓuwa a ƙasar Hausa, sa'an nan ta dubi yadda sunayensu suka zauna a bakin masu magana da Hausa. An ɗauki garin Beri na Ƙaramar Hukumar Mariga a masarautar Kontagora, Jihar Neja, a matsayin misali, saboda yana kan hanyar da ta taso daga Tegina zuwa Kontagora, inda harkar noma da fatauci ta dogara ga mota.

2.0 Asalin Kamfanin

Tushen Toyota yana cikin sana'ar saƙa. Sakichi Toyoda, wanda ya rayu daga 1867 zuwa 1930, ya shahara ne wajen ƙirƙiro injunan saƙa, har ya kafa kamfaninsu a 1926. Fitaccen abin da ya ƙirƙiro shi ne injin da ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa ƙyalle mai aibi. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera wannan inji a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro Toyoda shi ne ya buɗe sashen ƙera motoci a cikin kamfanin a 1933. Babbar motar ɗaukar kaya ta farko ta fito a 1935, ƙaramar mota ƙirar AA ta biyo baya a 1936, sa'an nan a ranar 28 ga Agusta, 1937 sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa.

Masu nazarin harshe za su so su lura da yadda sunan ya sauya. Sunan zuriyar shi ne Toyoda, wanda ma'anarsa ta danganci gonar shinkafa mai albarka. A 1936 aka musanya baƙin /d/ mai ziza da takwaransa /t/ marar ziza. A rubutun Japananci na katakana, alamomi biyu ƙanana ne ke nuna ziza, don haka cire su ya mayar da zanen alƙalamin da ake rubuta sunan da shi daga goma zuwa takwas, adadin da Japanawa ke dangantawa da sa'a da bunƙasa. A 1959 garin Koromo, inda masana'antar take, ya ɗauki sunan kamfanin ya koma Toyota.

Kamfanin ya kusa durƙushewa a 1950 saboda ƙarancin kuɗi da yajin aikin ma'aikata, abin da ya sa Kiichiro ya sauka daga shugabanci. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a wannan shekara ya kawo masa cinikin manyan motoci daga rundunar sojan Amurka, ya farfaɗo. Daga nan ne injiniya Taiichi Ohno ya jagoranci gina tsarin aikin da ya fito da sunan kamfanin a duniya. Ginshiƙan tsarin biyu ne. Na farko, kada a ƙera wani sashe na mota sai lokacin da ake bukatarsa, kuma daidai adadin da ake bukata. Na biyu, kowane ma'aikaci na da ikon tsayar da layin aiki idan ya ga kuskure, wanda shi ne darasin injin saƙar Sakichi. A kan wannan tsari aka fito da motocin da suka zama sanannu a Afirka: Land Cruiser, wadda aka fara ƙerawa a 1951 aka raɗa mata wannan suna a 1954, da Corolla a 1966, da Hiace a 1967, da Hilux a 1968, da Camry a 1982. A 2008 Toyota ya zarce General Motors na Amurka wajen yawan motocin da aka sayar a duniya.

3.0 Shigowarsa Nijeriya

Motocin Toyota sun fara shigowa Nijeriya ta hannun dillalai a shekarun 1960, kuma kamfanonin R.T. Briscoe da Elizade na daga cikin waɗanda suka yi fice a dillancinsu. An kafa Toyota Nigeria Limited a 1996. Sai dai a farkon lamari kasuwar Arewa tana hannun Peugeot na Faransa ne, musamman bayan da masana'antar harhaɗa motocinsa ta Kaduna ta fara aiki a 1975. Gwamnatoci sun riƙa sayen 504 da 505 a matsayin motocin hukuma, direbobin haya kuma suka riƙe su don dogon zango.

Al'amura sun juya bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci. Jama'a suka koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake shigowa da su ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano. A irin wannan kasuwa, abin da mai saye ke dubawa shi ne motar da za ta jure bayan ta riga ta tsufa, kuma a nan ne motocin Japan suka yi wa na Turai fintinkau.

4.0 Shaidar da Aka Yi Mata a Hanyar Beri

Yankin Kontagora yanki ne na noman masara da dawa da wake da kiwon shanu, kuma yawancin ƙauyukansa hanyoyin burji da na ƙasa ne ke haɗa su da babbar hanya. Manomin da ya girbe amfaninsa yana bukatar motar da za ta shiga ƙauye da damina ta fito da buhuna zuwa kasuwa. Fasinjan da zai tafi Kontagora ko Minna yana bukatar bas. A gari irin Beri, shaidar da ake yi wa mota ta rataya ne a kan abubuwa uku.

Na farko shi ne sauƙin gyara. Tsofaffin injunan Toyota ba su da sarƙaƙiya, bakaniken bakin hanya yana iya kwance kafireta ko lagireto ya mayar ba tare da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba. Na biyu shi ne samuwar kayan gyara, sababbi da na hannu, daga manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Yawan motocin ya jawo yawan kayan gyaran, yawan kayan gyaran kuma ya ƙara jawo masu saye. Na uku shi ne riƙe daraja, wato wanda ya sayi motar yana da tabbacin samun mai saye idan bukata ta taso. Ga direban da ya ci bashi ya sayi mota, kwana ɗaya a gareji na nufin gida babu cefane, don haka wannan shaida magana ce ta abinci.

Shaidar tana da wata fuska marar daɗi. A 1987 dakarun Chadi sun fatattaki sojojin Libiya daga Fada da Wadi Dum a cikin motocin Hilux da Land Cruiser da aka ɗora wa manyan bindigogi, har aka laƙaba wa wannan mataki na rikicin sunan Yaƙin Toyota. Tun daga nan ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Sahel, ciki har da Boko Haram, suka riƙa amfani da irin waɗannan motoci, jami'an tsaro ma da su suke sintiri. A yankunan da suka sha fama da 'yan bindiga, kamar Mariga da Tegina inda aka sace ɗaliban wata Islamiyya a 2021, kalmar Hilux kan tuna wa mai sauraro jami'an tsaro da zaman ɗar-ɗar. Shi kansa kamfanin bai tsira daga zargi ba: a 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, a 2014 kuma ya amince ya biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 a kan ɓoye bayanai game da matsalar.

5.0 Hausantar da Sunayen

Sunayen motocin sun bi ƙa'idojin da sauran ararrun kalmomi ke bi. Ana iya kasa su kamar haka.

5.1 Sauyin Wasali

Da yawa daga masu magana da Hausa kan ce Tayota da Karola. Dalili shi ne gajeren wasalin /o/ ba ya zama a tsakiyar kalmar Hausa ta asali, galibi a ƙarshe ake samunsa, don haka sai ya koma /a/ a gaɓar farko. Dogon /o/ na gaɓa ta biyu kuwa bai saɓa wa tsarin ba, sai aka bar shi.

5.2 Saƙala Wasali da Musanya Baƙi

Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa ba. Saboda haka Prado ta zama Firado, inda aka saƙala /i/ tsakanin baƙaƙen biyu, kuma /p/ ya koma /f/ kamar yadda ya faru a Fijo. Hiace ta zama hayis, wadda ta ƙare da /s/ kamar ofis da bas.

5.3 Jinsi da Jam'i

A ƙa'ida, sunan da bai ƙare da /a/ ba yakan ɗauki jinsin namiji. Amma ana cewa "hayis ta cika" da "Firado ce", domin kalmar mota, wadda take tamata, ita ce ke ƙarƙashin kowane suna. Wajen jam'i kuwa akan ninka kalmar, a ce hayis-hayis, kamar yadda ake yi wa wasu ararrun kalmomi.

5.4 Faɗaɗa Ma'ana da Laƙabi

A tashoshin mota, hayis ta tashi daga sunan ƙira ɗaya ta zama sunan kusan kowace matsakaiciyar bas ta haya, kamar yadda kanta, daga Canter ta kamfanin Mitsubishi, ta zama sunan matsakaiciyar motar ɗaukar kaya. Sabuwar ƙirar Hiace da ta fito a 2004 kuwa ana kiranta homa, saboda an kamanta faɗinta da na Hummer ta Amurka. Haka kuma akwai sunayen da ke nuna hanyar shigowa, kamar 'yar Kwatano da tokumbo, wadda aka aro daga Yarabanci. Kusa da waɗannan akwai harɗaɗɗen suna na Hausa tsantsa, a-kori-kura, wanda ya ƙunshi kowace ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya.

6.0 Kammalawa

An ga yadda kamfanin da ya faro daga injin saƙa ya gina sunansa a kan ƙarko, da yadda faɗuwar darajar naira da yanayin hanyoyin karkara suka ba motocinsa gindin zama a wurare irin Beri. An kuma ga cewa Hausa ta sarrafa sunayensu bisa ƙa'idojinta na sauti da nahawu. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, shekara uku kafin a kafa Toyota, kuma ƙamusoshin da suka biyo baya ba za su iya riskar saurin sauyin kalmomin tasha ba, domin laƙabin mota yakan mutu tare da ƙirarta. Yayin da sababbin motoci masu na'ura mai ƙwaƙwalwa da masu aiki da lantarki ke shigowa, akwai bukatar masana su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin direbobi da kanikawa, tare da karin sautinsu da bambancinsu daga gari zuwa gari, tun masu su suna raye.