Akwatinmu makulli uku, wayarmu makulli ɗaya



Ranar taronmu na mako, bayan an gama zubi, an ƙirga kuɗi a gaban kowa, an rufe akwati, sai sakatariyarmu ta ce tana da magana. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ajiye wayarta bisa tabarma a tsakiyarmu, ta ce wa shugaba: "Inna, komi ya tahi."

Shugaba ta dafe ƙirji. "Mi ya tahi, ɗiyata? Kuɗɗi?"

"A'a, Inna. Shafunan da na buɗe cikin waya."

Wasu daga cikinmu har da ajiyar zuciya, tunda dai ba kuɗi ba ne. Ba mu san cewa abin da ya ɓace ranar nan zai kusa raba kan ƙungiyar da muka yi shekaru muna ginawa a nan Kanan-Bakashe ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin, tun bai faɗa wa wata ƙungiya ba.

Abin da ke cikin wayar

Mu 27 ne, kowace tana zuba dala hamsin a mako. A cikinmu sakatariya ce kaɗai ke da babbar waya ta shafawa, ita ce kuma ta yi lakwal har kwaleji. Don haka duk abin da ya shafi intanet, ita muke ɗora wa.

Ga waɗanda ba su saba ba: in aka buɗe shafi a intanet ba a rufe shi ba, yana nan a jere bayan 'yan uwansa, kamar faifai bisa faifai. A saman waya akwai ɗan murabba'i da lamba a ciki, mai nuna shafi nawa ke buɗe. Na sakatariyarmu 23 yake nunawa. Akwai shafin SIMA, hukumar da ke bin farashin hatsi a kasuwannin Nijar. Akwai shafunan RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, kan yadda ake adana wake. Akwai bidiyon haɗa sabulun ruwa da muke son koyo. Akwai kuma mafi muhimmanci: takardar neman tallafi ta wata ƙungiya, wadda ake cikawa ta waya, don a ba kowace mace buhun PICS bisa rangwame.

Kun san wannan buhu. Shi ne mai riɓi uku, ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowane a ɗaure shi daban. Iska ba ta shiga, ƙwaron wake ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, ciki har da na INRAN a Maraɗi, aka fara yaɗa shi daga 2007. A wajenmu lissafin a fili yake. Waken da za mu sayar da araha lokacin kaka, in ya kai bazara lafiya, tiyarsa ta fi daraja.

Takardar tana neman sunan kowace mace, da shekarar haihuwa, da lambar katin ɗan ƙasa ko ta takardar haihuwa. Dare uku sakatariya ta yi tana bin gidajenmu, tana kwafa daga kati kai tsaye zuwa cikin waya. Ta cika 19, saura 8. Ba ta aika ba, don sai an cika duka ake aikawa. Sai ta kai wayar wurin mai caji, ta aiki ƙanenta ya karɓo. A hanya wani saƙo ya fito cewa wayar na son sabuntawa, abin da ake rubutawa mise à jour. Yaro ya danna. Wayar ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, ta tashi. Da ta zo hannun mai ita, lambar da ke cikin ɗan murabba'in nan ta koma 1. Kwana biyu ya rage a rufe karɓar takardu.

Me ya sa hakan ke faruwa?

Washegari muka je wurin wata malamar lakwal, jikar shugaba, ta yi mana bayani da misalin da muka gane. Ta ce shafin da ke buɗe kamar kayan da aka kasa bisa tabarma ne a kasuwa. Yana gabanki, kina ganinsa, amma ba a rumbu yake ba. Wayar tana riƙe da ɗan jerin sunayen shafunan da ke buɗe. Sabuntawa kuwa kamar sabon yaɓe ne: sai an kwashe kayan ɗaki an fitar, a gama, a mayar. Galibi komi yakan koma wurinsa. Amma in wayar ta cika maƙil da hotuna da bidiyo, ko batir ya yi ƙasa ana cikin aiki, ko manhajar shiga intanet ta tashi da tangarɗa, ɗan jerin nan yana iya salwanta.

Ta ƙara mana da wasu hanyoyi uku da shafuna ke ɓacewa ko ba a sabunta komi ba. Na farko, manhajojin nan da ke cewa za su share datti su sa waya ta yi sauri. Na biyu, mai gyara in ya goge bayanan manhaja, ko ya wanke wayar gaba ɗaya, abin da suke ce wa fulashe. Na uku, wasu manhajojin da kansu suke kwashe shafin da aka daɗe ba a taɓa ba su kai shi wani lungu, daga baya su rufe shi.

Takardar da ake cikawa kuwa ta fi kowane shafi rauni. Duk abin da kika rubuta a cikinta, muddin ba ki danna aikawa ba, galibi bai je ko'ina ba. Yana rataye ne kawai a wayarki. Ko shafin ya dawo, sau da yawa fanko zai dawo.

Abin da muka samo, da abin da ba mu samo ba

Malama ta nuna mana inda ake nema. A yawancin wayoyinmu na Android, in kika buɗe manhajar shiga intanet, akwai ɗigo uku a jere a sama ta hannun dama. Ki danna su, ki nemi inda aka rubuta Historique. Nan ne tarihin shafunan da kika shiga, rana bayan rana. A Chrome yana riƙe na kwana 90. Kusa da shi akwai Onglets récents, wato shafunan da aka rufe kwanan nan. Abin da ba ya shiga tarihi shi ne shafin da aka buɗe ta hanyar sirri, mai baƙin allo, wadda ake rubuta wa navigation privée.

Cikin rabin awa muka dawo da shafin farashi, da na adana wake, da bidiyon sabulu. Takardar ma ta dawo, amma kamar yadda malama ta faɗa, babu suna ko ɗaya a ciki.

Sunayenmu suna cikin kaye, amma lambobin kati ba su ciki, don ba mu taɓa tunanin rubuta su ba. Aka raba aiki, mata huɗu suka bi gida gida. Sai dai ɗaya ta tahi biki Tasawa da katinta a jaka. Ɗaya tana jinyar ɗanta a Mayahi. Ɗaya kuma mijinta ya yi tafiya da makullin adakar da takardunta ke ciki. Dukansu uku suna cikin 19 ɗin farko. Daren ƙarshe, sakatariya ta tsaya a kan tudun da rezo ya fi kamawa, ta aika da suna 24.

Inda abin ya yi zafi

Taron da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Wadda ta dawo daga Tasawa ta miƙe ta ce: "Ni da kaina na ba ki katina kika rubuta. Yaya aka yi nawa ya ɓace, na 'yan ɗakinku bai ɓace ba?" Sakatariya ta fashe da kuka, ta ciro kaye da biro ta ajiye gaban shugaba, ta ce a nemi wata. Wasu suka goyi bayan wannan, wasu suka goyi bayan waccan. Kun san asusu ba kuɗi ke riƙe shi ba, yarda ce. Ranar da aka fara cewa "an yi da gangan", zubin mako mai zuwa sai ya ragu.

Babbar da ta fi mu duka shekaru ce ta kashe wutar. Ta ce a kawo akwati. Aka kawo. Ta ce: "Makulli nawa gare shi?" Muka ce uku. "Hannun mutum nawa?" Muka ce uku. "Don mi? Don muna zargin ma'ajiya da sata?" Muka ce a'a. Ta ce: "To, kuɗinmu mun raba ma makulli uku. Sunayenmu da takardunmu kuwa mun ɗora ma yarinya ɗaya da waya ɗaya, mun koma gida mun yi barci. Laihin wa?"

Babu wadda ta amsa.

Ta tuna mana asalin tafiyar. Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka haife ta, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyen Kagadama, tare da wata 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ta ce a ƙungiyarsu ta farko babu mai karatu ko ɗaya, amma bashi bai taɓa ɓacewa ba, don komi a gaban kowa ake yi, kuma kowace tana riƙe da na maƙwabciyarta a ka. Magana ɗaya tana zaune a kai da yawa. Mu da muka samu waya, sai muka mayar da ita kai ɗaya.

A nan take aka yanke shawara: daga asusun taimako za a saya wa matan nan uku buhunansu a kasuwa, ƙungiya ta cika bambancin kuɗin. Wadda ta yi zargi ta ɗauki kaye ta mayar wa sakatariya da hannunta, ta ce: "Ki yi haƙuri, ƙanwata, zafin rai ne."

Dokokin da muka ƙara

Ga abin da muka amince da shi, ko zai amfane ku:

1. Duk abin da za a cika a waya, sai an fara rubuta shi a kaye. Daga kaye ake kwafa zuwa waya. Shafin lambobin kati yana kwana cikin akwati mai makulli uku, don ba abin da za a bari a hannun kowa ba ne.

2. Shafin da muke so, ba a barinsa buɗe kawai. A danna ɗigo uku, a danna tauraro, ya shiga Favoris. Wannan ne rumbun. In ana son karanta shi ko babu rezo ko mega ta ƙare, a danna kibiyar da ke kallon ƙasa, ya sauka cikin waya.

3. Abu mai muhimmanci a ɗauki hotonsa. A yawancin wayoyi, in aka danne maɓallin kunnawa da na rage murya lokaci ɗaya, wayar tana ɗaukar hoton abin da ke kan allo.

4. Adireshin kowane shafi mai amfani a tura shi ta WhatsApp zuwa waya ta biyu. Mu mun zaɓi ta malama. A haɗa da saƙon murya da Hausa mai faɗin abin da shafin ya ƙunsa, don wadda ba ta karatu ma ta san da shi.

5. Ba ma ƙin sabuntawa, don ita ce ke toshe ƙofofin da ɓarayin waya ke bi. Amma mai wayar ce ke dannawa da kanta, da batir cike, bayan ta rage bidiyon da ba a bukata, kuma ba a ranar da ake tsakiyar wani aiki ba. In saƙon ya fito a irin wannan rana, a danna Plus tard, wato sai an jima.

6. Sabuntawa ta gaskiya ba ta zuwa da kiran waya, ba ta neman kuɗi, ba ta neman lambar sirrin asusunki na waya. Duk wanda ya kira ya ce ki faɗa masa lambar da aka turo miki don ya sabunta miki layi, ki kashe wayar.

7. Kafin a kai waya wurin mai gyara, a tambaye shi a fili: "Za ka goge abin da ke ciki?" In ya ce e, a dawo da ita gida a kwashe tukuna.

Yanzu a kowane taro, bayan an ƙirga kuɗi, sakatariya tana faɗin abin da ke buɗe a wayar da sunan ƙungiya, mata biyu su maimaita, kamar yadda muke maimaita jimillar akwati. Ba ya ɗaukar minti biyar. Waken kuwa yana ɗaure cikin buhuna 27, muna jiran bazara.

In wata ƙungiya a Mayahi ko Tasawa ko ƙauyukan Gulbin Kaba tana da wata dabarar da ta fi tamu, ta aiko mana mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a zubinmu. Amin.