Su da dare a hunturu: inda kifi ke fakewa tsakanin Gusau da Bunguɗu

Da zarar Disamba ta kama, Kogin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu kafin ya zuba a dam ɗin Bakalori da aka kammala a 1978, sai ya janye ya bar yashi. Abin da ke saura gurabe ne nan da can, sai ruwan da dam ɗin Gusau ya tare. Mai kallo daga kan gada zai ɗauka su ya ƙare sai baɗi. Masunta kuwa sun san kifin da damina ta warwatsa cikin fadamu yanzu ne ya taru wuri guda.

Kifi ba ya da ɗumin jiki na kansa, zafin ruwa yake bi. A daren Janairu, sa'ad da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan baki-baki kan huce da wuri, mai zurfi kuma ya riƙe ɗumin da ya sha da rana. Can kifi ke komawa, gindin dutse ko ƙarƙashin kututturen da ambaliya ta yasar. Wanda ya jefa fatsa a bakin gaɓa, sai dai ya kwana yana rawar ɗari a banza.

Ba kowane kifi ake nema da dare ba. Karfasa raguwa ce a sanyi: ruwa na yin ƙasa da digiri 20 take rage cin abinci, don haka a bar ta sai hantsi ya dubi ludayi. Gaiwa ma kada a sa rai, ta riga ta shige laka a busassun tafkuna irin na ƙasar Tsafe, tana jiran ruwan sama. Dare na tarwaɗa ne da kurungu da ragon ruwa, masu gashin baki, waɗanda ke bin abinci da sansana, ba da ido ba. Shi ya sa koto mai wari ya fi ci: hanjin kaza, ɗan kifin da ya kwana, ko tana in an dace da ita a dausayi. Wasu har gutsuren sabulu suke maƙala wa ƙugiya, tarwaɗa kuma ta haɗiya. A sa dalma koton ya kai ƙasa, a kuma yi haƙuri, domin kifin da ya ji sanyi sai ya daɗe yana taɓa koto kafin ya ɗauka.

A Amurka, masu neman wani kifi da suke kira crappie kan zura fitila cikin ruwa a daren sanyi. Hasken kan tara ƙananan halittu, ƙananan kifaye su biyo su, manya su biyo baya. Dabarar na aiki a ruwa garau mai zurfi, kamar yadda ake kama ƙananan kifaye da fitilu a tafkin Tanganyika. A ganina ba ta dace da gurbi mai gurɓataccen ruwa ba, tunda tarwaɗa duhu take so.

Akwai kuma masu gajen haƙuri da kan zuba guba irin su Gamalin a gurbi su kwashe komai dare ɗaya. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana hakan, balle a ruwan da mutanen Gusau ke sha.

Yanzu dai ba sanyi kaɗai ke tsara lokacin su ba. A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da yawa, kwana a bakin kogi da tocila a hannu kasada ce saboda 'yan bindiga. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa mamari mai ƙugiyoyi da yawa, a kafa gura da dusa a ciki tun da la'asar sakaliya, a koma gida kafin magariba, sannan a dawo bayan sallar asuba a duba abin da ya kama.