Adana Saƙon Kuskure Lokacin Harhaɗa Manhaja

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da takwarorinsu na Kwalejin Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, duk sun san ranar da harhaɗawa ta ƙi. Harhaɗawa ita ce juya rubutun mai tsara manhaja zuwa yaren da na'ura ke ji, kuma kwamfaila, wato manhajar da ke wannan juyi irin su GCC da Richard Stallman ya fitar a 1987, takan zubo saƙonni a tagar umarni da zarar ta ci karo da abin da ba ta gane ba.

Abin da aka saba shi ne a ɗauki hoton allo da waya a tura ta WhatsApp ana neman ɗauki, alhali hoton ƙarshen saƙon kawai yake kamawa, tushen matsalar kuwa yana can sama. Alamar ; guda da aka manta a yaren C tana iya haifar da jerin ƙorafe-ƙorafe, don haka kuskuren farko ake fara dubawa, tare da sunan fayil da lambar layin da ya ambata, a gyara shi, sannan a sake harhaɗawa kafin a taɓa sauran.

Tsarin Unix, wanda aka fara a Bell Labs a 1969, ya raba fitar rubutu zuwa ƙofa biyu, ta 1 domin sakamako, ta 2 domin kurakurai, kuma wannan rabo ne yake sa wanda ya rubuta umarnin harhaɗawa make > rahoto.txt ya tarar da fayil ɗinsa babu kuskuren da yake nema, domin ƙofa ta 1 kaɗai ya karkatar. Idan ya ƙara 2>&1 a ƙarshe, ƙofofin biyu za su zuba a fayil ɗaya, idan kuma yana so ya gani a allo yana adanawa, sai ya rubuta make 2>&1 | tee rahoto.txt.

Ba kowane kuskure ne laifin rubutu ba. Gradle, da ake harhaɗa manhajojin Android da shi, yana sauko da kayan aikinsa daga intanet, saboda haka ƙarewar data ko ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya tsayar da shi ko da rubutun lafiya lau yake, kuma rahoton ne zai nuna adireshin da aka kasa kaiwa.

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma mai tambaya a nan sai ya haɗa da umarnin da ya bayar, da sigar kwamfailarsa, da nau'in tsarin kwamfutarsa, da cikakken rahoto a rubuce, bayan ya goge kalmar sirri ko mabuɗin da ya faɗa ciki.